Daga Mai Shela Zuwa Wayar Hannu: Yadda Siyasa Ke Neman Kunnen Damargu

Duk ɗan siyasar da ke son magana da mutanen Ollelewa, a ƙasar Damargu, ba sai ya bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Jira zai yi ranar kasuwar Bakin Birji, a kan titin da ya tashi daga Damagaram ya bi ta Tanut ya nufi Agadas. A ranar manomin gero da Buzu mai raƙumi da Bafulatani mai shanu da Badagire duk suna fili ɗaya, kuma abin da aka faɗa da hantsi kafin magariba ya isa rugage da tungayen da mota ba ta zuwa. Masu sana'ar talla a intanet suna da dogayen sunaye na wannan dabara ta auna saƙo a kan mutanen wuri guda, suna kuma sayar da ita da tsada. A Damargu ta girmi intanet, ta girmi rediyo ma.

Kayan aikinta na farko mutane ne. Akwai mai shela, wanda ke zaga gari da sanarwar sarki ko ta mai gari. Akwai maroƙi da sanƙira, waɗanda suka san asalin kowane gida, suka san wanda za a kira da sunan kakansa ya miƙe. Shi maroƙi ba ya yi wa mahauta kirarin maƙera. Ya san wa yake yi wa magana, a ina, da wane harshe, kuma ana biyansa a bainar jama'a, kowa yana ganin hannun da kuɗin ya fito.

Zaɓe ya zo ya tarar da wannan tsari a shirye. Bayan dokar 1956 da ta ba kowane baligi ƙuri'a a ƙasashen da Faransa ke mulka, jam'iyyu biyu suka ja daga a Nijar: PPN-RDA ta Diori Hamani da Boubou Hama, mai alamar giwa, da jam'iyyar Djibo Bakary mai alamar raƙumi, wadda jama'a suka sani da Sawaba. Sunan kansa talla ne, kuma ya riga ya yi amo a Kano, inda NEPU ta Malam Aminu Kano ta shiga siyasa da shi tun 1950. 'Yan Sawaba sun yaɗa saƙonsu ta hannun direbobin manyan motoci da 'yan kamasho da teloli da ƙananan 'yan kasuwa, wato mutanen tasha da kasuwa, shi ya sa jam'iyyar ta yi ƙarfi a Damagaram da Tasawa da Maraɗi. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, Djibo ya ce a jefa "a'a" a rabu da Faransa. Faris ta aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, shi kuma ya bi ta kan sarakunan gargajiya da motocin hukuma. "I" ta tashi da kashi 78 cikin ɗari. Babu wanda ya nemi a kawo lissafin abin da aka kashe, domin mai kashewar shi ne mai ƙirga ƙuri'a. A 1959 aka haramta Sawaba.

Shekaru talatin da suka biyo baya ba su da dogon labari a wannan fage. Jam'iyya ɗaya, sannan soja daga 1974, rediyo ɗaya na gwamnati, sai samariya da ke tara jama'a idan babban baƙo zai zo.

Taron ƙasa na 1991 ne ya buɗe ƙofa, kuma abin da ya fito daga cikinta ya isa mai nazarin harshe ya zauna a kai. Kowace jam'iyya ta zo da suna biyu: baƙaƙen Faransanci na takardar rajista, da suna na kasuwa. MNSD ta zama Nasara, CDS ta zama Rahama, PNDS Tarayya, ANDP Zaman Lahiya, daga baya aka sami RDP Jama'a, RSD Gaskiya, Lumana, Jamhuriya, Kishin Ƙasa, Canji. Tsohuwa a Gangara ko Belbeji ba ta da buƙatar sanin abin da C da D da S ke nufi. Rahama ta sani, ta kuma san ɗan Damagaram ne ke riƙe da tutar. A Maris na 1993 shi wannan ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, ya ka da Tandja Mamadou a zagaye na biyu, kuma jihar Damagaram ce ƙashin bayan ƙuri'unsa. Dokar jam'iyyu ta hana kafa jam'iyya a kan ƙabila ko yanki, amma ba ta da yadda za ta hana ɗan takara sanin inda 'yan uwansa suke.

A nan kalmomin kamfe suka rabu gida biyu. Na doka suna cikin Faransanci, a ofisoshin Yamai. Dokar jam'iyyu ta Disambar 2010 ta ware musu tallafin kashi 0.30 cikin ɗari na harajin da gwamnati ke tarawa a shekara, wato dala shida a kowace jika goma, ta kuma wajabta musu kai lissafinsu gaban kotun binciken kuɗin ƙasa. Mai neman shugabancin ƙasa a 2020 sai da ya ajiye miliyan 25 na sefa kafin a karɓi takardunsa. A lokacin hukumar CENI ke shirya zaɓe, hukumar sadarwa ta CSC kuma ke raba wa 'yan takara lokaci a rediyo da talabijin na gwamnati. A Najeriya an bi ta wata hanyar, ta sa iyaka: dokar zaɓe ta 2022 ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya wuce naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, kuma mutum ɗaya kada ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50.

Kalmomin gida kuwa babu ko ɗaya a cikin waɗannan takardu. Akwai goro, wanda ake kai wa mai gari da liman. Akwai kuɗin mai na 'yan kabu-kabu da za su yi wa ɗan takara rakiya da ƙarar oda. Akwai kuɗin shayi na fada, wato majalisar samari da ke zama a bakin titi kan buta da gawayi, al'adar da ta bunƙasa a birnin Damagaram tun shekarun 1990 ta bazu har ƙauye. Akwai turmin atamfa mai hoton ɗan takara na shugabar mata, da sabulu da gishiri, da buhun hatsi idan damina ta yi gardama, abin da ba baƙo ba ne a Damargu. Kowane ɗaya an auna shi a kan wani rukuni a wani wuri, daidai yadda kwamfuta ke yi, amma ba ya barin rasit. Kuma kiran abin da suna goro ya riga ya wanke shi, domin a ƙasar Hausa zuwa gaban babba hannu rabbana shi ne abin kunya. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Yulin 2004, Ollelewa ta sami majalisarta da magajin garinta, sai wannan lissafi ya sauko har matakin rijiya da unguwa. Buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙasar ƙaramar hukumar a Nuwambar 2011 ya ƙara wa kujerun daraja, ya kuma ba kowane ɗan takara abin yin alkawari: aikin samari, ruwa, wuta.

A can duniyar intanet kuwa, rigimar ta fashe ne a 2018, lokacin da jaridun Ingila suka tona aikin kamfanin Cambridge Analytica. Cikin abin da ya fito har da Najeriya: wani attajiri ya ɗauki kamfanin haya gabanin zaɓen 2015 don ya taimaki Goodluck Jonathan, aka yaɗa bidiyon tsoratarwa a kan Muhammadu Buhari. Daga nan sababbin kalmomi suka shigo. Facebook ya fara tilasta wa mai tallan siyasa ya tabbatar da ko shi wane ne, a rubuta wanda ya biya a jikin tallan, a ajiye shi shekara bakwai a rumbun da kowa zai iya dubawa. A Janairun 2019 ya daina karɓar tallan zaɓen Najeriya daga ƙasashen waje. A ƙarshen shekarar Twitter ya hana tallan siyasa ɗungurungum, Google kuma ya ce mai tallan zaɓe shekaru da jinsi da yanki kawai zai iya zaɓa. Tarayyar Turai ta yi doka a 2024, kuma kafin ta fara aiki sosai a Oktoban 2025 Meta mai Facebook da Google suka gwammace su bar tallan siyasa a can gaba ɗaya.

Duk wannan shinge an yi shi ne don tallan da aka saya da katin banki. Wanda ya isa Ollelewa ba ta nan yake bi ba. Saƙon murya ne na WhatsApp da Hausar gida, a zauren 'yan gari ɗaya, wanda ya haɗa na ƙauye da 'yan ci-rani a Agadas da Kano da Libiya. Waƙar kamfe ce da mai cajin waya ke zuba wa mutum a memori ranar kasuwa. A Kano masu irin wannan aiki a rediyo ana ce musu sojojin baka, na waya kuma 'yan data, don da kuɗin data ake sallamarsu. Maroƙi ne ya koma cikin waya, sai dai wannan karon ba a ganin hannun da ya yi masa kari, babu kuma rumbun da ke ajiye abin da ya faɗa.

Hukuma ta ga ƙarfin abin. Bayan zagaye na biyu na 21 ga Fabrairun 2021, wanda kotun tsarin mulki ta ce Mohamed Bazoum ya ci da kashi 55.66 a kan Mahamane Ousmane, zanga-zanga ta tashi, aka katse intanet na wayoyin hannu kusan kwana goma. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya dakatar da harkokin jam'iyyu, a Maris na 2025 kuma aka rushe su baki ɗaya, tallafin dala shida ya rasa mai karɓa. Atamfofin da suka rage sun zama zanen goyo da labulen ƙofa, zaurukan WhatsApp na kamfe kuma sun koma sanar da biki da rasuwa da farashin tiyar gero a Bakin Birji.