Tama da Gotit: Tarihin Dutse Ɗaya Mai Suna Biyu

1. Dutsen da siffarsa

Tama ita ce dutsen da maƙeran ƙasar Hausa suka riƙa haƙowa suna fid da baƙin ƙarfe daga cikinsa. Mafi yawan tamar da ake samu a kudancin Nijar tana ƙunshe da ma'adinin da masana ke kira gotit, wato ƙarfe da iskar oksijan da ruwa a haɗe. A gotit tsantsa, wajen kashi 63 cikin 100 na nauyinta ƙarfe ne, wajen kashi 10 kuma ruwa. Launinta daga rawaya zuwa ƙasa-ƙasa mai duhu. In an gasa ta, zafi ya kai kamar digiri 300, ruwan yakan fita, ta rikiɗe ta koma hematit mai launin ja. Tana cikin tsatsar da ke cin hauya, tana kuma cikin marmarar da ke saman tuddai.

2. Sunanta a Turai

A shekarar 1806 ne Bajamushen masani Johann Georg Lenz ya raɗa sunan gotit domin girmama mawallafi Goethe, wanda ya kasance mai tara duwatsu. Akwai wani suna, limonit, daga kalmar Girkanci mai nufin fadama, saboda a dausayi ake yawan tsintar ta. Daga baya bincike ya nuna limonit ba ma'adini ɗaya ba ce, gauraye ce wadda gotit ta fi yawa a cikinta.

A yankin Loren na Faransa akwai shimfiɗar irin wannan dutse mai ƙananan ƙwayoyi kamar na gero. Ƙarfensa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ga shi da fosfor mai sa ƙarfe saurin karyewa. Dabarar tacewa ta Thomas, wadda ta fito a 1878, ita ta ba shi daraja, har ya riƙe masana'antun Faransa da Jamus shekara da shekaru. An rufe mahaƙar ƙarshe ta Loren a 1997.

3. Tama a Nijar da ƙasar Hausa

Dutse mai irin waɗannan ƙwayoyi yana shimfiɗe a tuddan Adar, cikin jihar Tawa, da kuma kewayen Sayi, kudu da Yamai. A dutsen Tarmit, gabas da Damagaram ta wajen arewa, masu tonon tarihi sun sami alamun aikin ƙarfe na ƙarnoni da dama kafin haihuwar Annabi Isa. A Kano, an auna gawayin wani wurin aikin tama na gindin Dala, aka ga ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Labarin baka ma ya ce neman tama ne ya kawo maƙeran Gaya wurin.

Ga yadda aikin yake. A jera tama da gawayi cikin dogon murhun yumɓu, a hura wuta har zafi ya kai wajen digiri 1200. Ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1538. Saboda haka dattin dutsen ne ke narkewa ya kwarara, shi kuwa ƙarfen ya dunƙule ya zama curi, maƙeri ya bubbuge shi ya tace. A farkon ƙarni na 20, da ƙarfen Turai da tarkacen motoci suka wadata a kasuwanni, sana'ar ta fara ja da baya. Fim ɗin Noces de feu, wanda Nicole Echard ta fitar a 1968 game da maƙeran Adar, ya kama aikin ne yana gab da shuɗewa. A cikinsa an ga yadda suke kwatanta fid da ƙarfe da aure da haihuwa.

4. Abin lura ga masu tsara littattafai

Sunayen nan biyu ba su hau kan juna daidai ba. Gotit suna ne na abin da dutsen ya ƙunsa. Tama suna ne na amfaninsa, domin duk dutsen da ya ba maƙeri ƙarfe tama ne, ko gotit ko hematit. Wanda ya rubuta a ƙamus cewa tama ita ce gotit ya ƙuntata kalmar. Wanda ya jefar da ita ya ɗauki baƙuwa kuwa ya raba mai koyon karatu da abin da kakanninsa suka sani. Abin da ya dace a littattafan yaƙi da jahilci shi ne tama ta zama uwar kalma, gotit da hematit su shigo a matsayin ire-irenta. Haka nan furucin “narka tama” yana bukatar ƙarin bayani, tun da ba ƙarfen ke narkewa ba.

Kalmar tama ta tsira, amma sunayen sassan murhu da matakan aikin suna bakin tsofaffin gidajen maƙera ne a Adar da Gobir da Damagaram. Tattara su gari-gari, tare da karin sautinsu da bambancin lafazi, aiki ne na gaggawa ga masu nazarin harshe.