Lambar Shafi: Daga Littafin Akawu Zuwa Excel

Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya ɗaga darajar aikin akawu a ƙasar Zamfara. Kamfanoni irin su UAC kan ba dillalai kuɗi kafin kaka, kowane dillali da shafinsa a babban littafi. A littafin shiga da fita kuwa, akwai siririn gurbi da akawu ke rubuta lambar shafi kaɗai, ita ce ke nuna masa inda zai buɗe ya ga bashin mutum.

A ganina wannan dabarar ce ta dawo cikin kwamfuta. Manhajar lissafi ta VisiCalc ta 1979 shafi ɗaya gare ta, Excel 5.0 na 1993 ya tara shafuka da yawa a fayil guda. Yau mai lissafin hatsi zai ware wa Tsafe shafi, Bunguɗu shafi, Karakkai shafi, ya rubuta sunan gari a gurbi ɗaya, sai umarnin Excel mai suna INDIRECT ya karanta sunan ya ɗauko jimilla daga shafin garin. Masu suka na cewa hanyar ba ta da ƙwari: da an sauya sunan shafi sai alamar kuskure ta #REF! ta bayyana, ga nauyin da take ɗora wa babban fayil. Gaskiya ne. Amma akawun da ya kuskure lambar shafi kan ɗora wa wani bashin wani ba tare da kowa ya sani ba, alhali Excel na nuna kuskuren nan take, a gyara kafin ranar biya.