Kalmar "provoke": Ma'anarta, asalinta da matsayinta a gaban kotu

"Provoke" tana daga cikin kalmomin Ingilishi da suka zama ruwan dare a bakin 'yan Najeriya, daga ofis har kasuwa. Aikatau ce, ma'anarta mutum ya faɗi magana ko ya aikata abin da zai harzuƙa wani. Sunan aikin shi ne "provocation". Kalmomin Hausa da suka fi kusa da ita su ne tsokana da takala da tunzurawa. Ta bambanta da zuga, domin mai zuga kan wani yake ingiza mutum, shi kuwa mai tsokana kansa yake jawo wa fushin.

Asalinta

Tushen kalmar shi ne "provocare" na harshen Latin, wanda ya haɗa "pro", wato gaba, da "vocare", wato kira. Ma'anarta ta farko ke nan kiran mutum ya fito fili, kamar yadda ɗan dambe ke kiran abokin karawarsa. Ta shiga Ingilishi ne ta hanyar Faransanci fiye da shekara 500 da suka wuce.

Yadda ake amfani da ita

A daidaitaccen Ingilishi, dole a ambaci wanda aka tsokana. "He provoked me" na nufin ya tsokane ni. A Turancin Buroka kuwa, wanda ya ce "I provoke" yana nufin shi ne ya fusata. Ma'aikacin da ya rubuta haka a takardar amsa tuhuma ya ɗora wa kansa laifin tsokana bai sani ba. Haka kuma kalmar ba ta tsaya ga fushi kaɗai ba, ana cewa jawabi ya yi "provoke" na muhawara, wato ya tayar da ita.

Matsayinta a kotu

A gaban alƙali ne kalmar ta fi nauyi, domin tana iya raba mutum da hukuncin kisa. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, haifaffen garin Rabah, ta tanadi kisa a sashe na 221 ga wanda ya kashe rai da gangan. Sai dai sashe na 222 ya cire wanda tsokana mai tsanani ta zo masa ba zato, har ya kasa mallakar kansa. Hukuncinsa a dokar ta asali shi ne ɗaurin rai-da-rai ko ƙasa da haka, ko tara, ko a haɗa masa duka biyun. Wato tsokana sassauci take kawowa, ba ta wanke mai laifi.

Misali, a ce manomi a fadamar Wurno ko a gonakin rani na madatsar ruwa ta Goronyo ya tarar da shanu a cikin albasarsa, gardama ta kaure, aka mare shi, nan take ya mayar da martanin da ya zama ajalin mutum. Kotu za ta duba ko abin da aka yi masa ya kai ya gusar da haƙurin mutum irinsa, da kuma ko martanin ya yi daidai da tsokanar. Idan kuwa ya koma gida ya kwana, washegari ya ɗauko makami, wannan ramuwa ce, domin zuciya ta sami lokacin sanyi.

Dokar ta kuma ware abubuwa uku da ba ta ɗauka a matsayin tsokana: wadda mutum ya nemo da kansa don ya sami hujja, da aikin da jami'in gwamnati ya yi bisa ikon da doka ta ba shi, da abin da wani ya yi wajen kare kansa ta halattacciyar hanya. Saboda haka ɗan kasuwar da ya yi wa mai karɓar haraji rauni don ya zo karɓar abin da doka ta tanada, ba shi da mafaka a wannan kalma.