Fasfon Amurka: Me Ya Sa Ake Fara Nemansa a Ofishin Gunduma?

Ba'amurken da zai nemi fasfo karo na farko ba ya zuwa Washington. Galibi gidan waya yake nufa, ko ofishin magatakardan gundumarsu, inda ake ajiye takardun aure da na filaye. A gundumar Harris ta jihar Texas, inda birnin Houston yake, ofishin magatakardan kotu na cikin masu karɓar takardun neman fasfo. Alhali gunduma ba ta da ikon buga fasfo ko ɗaya. Wannan rabon aiki ba sakaci ne ya haife shi ba. Tarihi ne ya koya wa Amurka cewa ikon bayar da fasfo ya kamata ya tsaya a hannu ɗaya, ƙofar nemansa kuwa ta kasance kusa da talaka.

Tun 1789 Ma'aikatar Harkokin Waje take bayar da fasfo, amma ba ita kaɗai ba. Gwamnonin jihohi da magadan gari, har da masu shaida takardu, kowa na rubuta nasa ya buga hatimi. Jami'an ƙasashen waje suka rasa wanda za su gaskata, matafiyi kuma ya riƙa shan wahala da takardar da ba a san darajarta ba. A 1856 majalisa ta yi dokar da ta mayar da ikon ga Sakataren Harkokin Waje shi kaɗai. Sai dai wata matsalar ta taso: ma'aikacin da ke Washington bai taɓa ganin mai nema ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke aka shiga fargabar 'yan leƙen asiri masu fasfon bogi, sai aka wajabta hoto a ƙarshen 1914, aka kuma buƙaci mai nema ya bayyana gaban magatakardan kotu ya yi rantsuwa. Ta nan ƙananan hukumomi suka dawo cikin lamarin a matsayin shaidu. Daga shekarun 1970 gidajen waya suka shigo, yau wuraren karɓa sun haura 7,000.

Amfanin tsarin ya fito fili bayan harin 11 ga Satumba. Wata doka ta 2004 ta sa daga Janairun 2007 duk mai dawowa ta jirgin sama daga Kanada ko Meziko ko tsibiran Karibiyan sai da fasfo, aka tsaurara ƙa'idar hanyar mota da ta ruwa a 2009. Fasfon da aka bayar ya tashi daga kusan miliyan 12 a 2006 zuwa sama da miliyan 18 a 2007. An yi jinkiri mai tsanani a wannan shekarar, mutane da yawa suka rasa tafiye-tafiyensu. To, ina ga a ce dukkan wannan jama'a sai sun yi tururuwa zuwa 'yan ofisoshin tarayya da ke manyan birane?

Masu suka na cewa zamani ya wuce wannan. Don me mutum zai biya dala 35 ga ofishin karɓa, bayan kuɗin fasfon kansa, alhali ga intanet? Akwai gaskiya a maganarsu, shi ya sa aka buɗe sabunta fasfo ta intanet a 2024. Amma mai sabuntawa an riga an san shi. Mai neman farko kuwa dole wani ya dubi fuskarsa ya gwada da katin shaidarsa, ya ga ya sa hannu a fom ɗin DS-11 a gabansa, domin gani ya kori ji. Lamarin ya fi nauyi a kan yara: duk wanda bai kai shekara 16 ba sai ya zo da kansa, kuma da yardar iyayensa biyu, don kada ɗayansu ya tsallaka da shi ƙasar waje bayan aure ya mutu. Wasu kuma na tsoron maguɗi, tunda wasu ofisoshin su ne ke bayar da takardar haihuwa. Wannan tsoro yana da tushe, amma maganinsa raba ayyukan biyu tsakanin ma'aikata da horar da su, kamar yadda Ma'aikatar Harkokin Waje ta sharɗanta.

Saboda haka duk gundumar da ke tunanin ajiye wannan aiki don ƙarancin ma'aikata, ta fara lissafa wanda zai ɗauki asarar. Mai hali zai hau mota ya tafi birni. Manomi da ma'aikacin da ake biya da awa su ne za su rasa yinin aiki, wasunsu ma su haƙura da tafiyar. 'Yancin fita da shiga haƙƙin ɗan ƙasa ne, kuma gwamnatin da ta wajabta fasfo ita ke da alhakin sauƙaƙa hanyar samunsa.