Caca Da Hisabinta A Zamanin Biyan Kuɗi Ta Waya

Tun kafin wayar hannu ta shigo Nijeriya, caca sana'a ce mai sanannen mazauni, ko dai a tabarmar 'yan karta a bayan kasuwa, ko kuwa a shagunan ful inda ake cika takardun wasannin ƙwallon Ingila. Kuma duk wanda ya nufi wuraren nan tilas ya je da ƙafarsa, idon jama'a na kansa, alhali kowa ya san hukuncin maisir, wato caca, wanda Suratul Ma'ida ta haɗa shi da giya wajen hani.

A shekarar 2001 Kessington Adebutu, wanda ya daɗe a harkar ful, ya kafa Premier Lotto, wato Baba Ijebu, a Ikko, aka baza dillalai da 'yan na'urorinsu a bakin titi. Sa'an nan, bayan Interswitch, da aka kafa a 2002, ya haɗa bankuna a kan hanya guda, Babban Banki kuma ya soma manufar rage mu'amala da tsabar kuɗi a Ikko a 2012, har Paystack da Flutterwave suka zo a 2015 da 2016 suka sauƙaƙa wa kowane shafi karɓar kuɗi da kati, sai masu caca suka tarar an share musu hanyar da ba dominsu aka yi ta ba.

Amma asirin ribar kamfanonin caca yana cikin hisabi ne. A irin cacar Baba Ijebu lambobi 90 ne, akan fitar da 5. Wanda ya zaɓi biyu suka fito duka, a ninka masa kuɗinsa sau 240, alhali dacewar ba ta aukuwa sai sau ɗaya cikin kimanin 400. Ke nan idan mutum 400 suka zuba naira 100 kowannensu, an tara 40,000, a bai wa mai rabo 24,000, ragowar 16,000 kuwa ta zauna wurin mai gida. Abin da intanet ta ƙara shi ne, ta rage masa la'adar dillali da kuɗin haya, ta buɗe ƙofa dare da rana, ta kuma bar wa wanda ya ci kuɗinsa a asusun shafin, inda galibi yakan sake zuba su kafin ya cire.

Gwamnatin tarayya ta bi sawu da Dokar Caca ta 2005, wadda Kotun Ƙoli ta soke a Nuwamban 2024, ta ce hurumin jihohi ne; Hisbar Kano ma ta rufe shagunan caca a 2024. Sai dai ikon jiha a iyakarta yake tsayawa, kuɗin da aka tura ta waya kuwa, kafin a rubuta sammaci, sun riga sun isa Ikko.