Hasken Sinkurotoron da Binciken Magunguna: Ina Matsayin Afirka?

Masana fiziks ne suka ƙera na'urorin ingiza ƙwayoyin zarra domin gano asalin ginin abubuwa, amma yau masu binciken cututtuka suna sahun gaba wajen cin moriyarsu. Matsayar wannan maƙala ita ce, cibiyoyin da ke da waɗannan na'urori sun zama ginshiƙin binciken lafiya, kuma duk nahiyar da ba ta da hannu a cikinsu, ba ta da ta cewa kan cutar da za a fara nema wa magani.

Sinkurotoron, ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori, zobe ne makeke. Na birnin Grenoble a Faransa kewayensa mita 844 ne. A cikinsa ilektoron ke gudu kusa da saurin haske, idan maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarsu sai su fitar da hasken eksire wanda ya ninka na asibiti nesa ba kusa ba. Da shi ake haska furotin da aka daskarar, a gano mazaunin kowace zarra, sannan a ƙera maganin da zai shige shi kamar makulli a kwaɗo. Ta haka aka fayyace surar ribosom, inda magungunan kashe bakteriya da dama ke kai farmaki, aikin da ya kai ga kyautar Nobel ta 2009. A 1989 masanan Oxford sun gano surar ƙwayar cutar baki da kofato da ke addabar shanu, da taimakon sinkurotoron na Daresbury. A 2020 kuwa, cibiyar Diamond ta Ingila ta gwada ɗimbin sinadarai a kan wani furotin na ƙwayar korona cikin makonni kaɗan.

Duk da haka, Afirka ba ta da sinkurotoron ko ɗaya. Ana raba lokacin aiki a waɗannan cibiyoyi ne ta hanyar gasa, kuma masanan ƙasashen da ke zuba kuɗi su ne a gaba. Ke nan binciken zazzaɓin cizon sauro da ciwon sikila ya rataya ne ga sha'awar wasu.

Wani zai ce gina sinkurotoron almubazzaranci ne ga ƙasashen da asibitocinsu ke fama da rashin wuta. Maganar tana da nauyi, sai dai shiga ba lallai ta fara da gini ba. Afirka ta Kudu ta ƙulla haɗin gwiwa da cibiyar Grenoble a 2013 ba tare da ta aza tubali ba. Cibiyar sinkurotoron ta SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017 ta nuna cewa ƙasashe irin su Masar da Iran da Pakistan da Turkiyya za su iya haɗa ƙarfi su mallaki guda. Wani kuma zai ce manhajar AlphaFold, mai hasashen surar furotin, ta rage buƙatar wannan haske. Amma da surorin da aka tantance a ɗakin gwaji aka horar da ita, kuma har yanzu gwaji ne ke tabbatar da yadda magani ke kama furotin.

Don haka abin da ya kamaci gwamnatoci da jami'o'in Afirka shi ne su biya kuɗin shiga cibiyoyin da ke aiki, su horar da masu daskarar da furotin, su tanadi ɗakunan shirya samfura a gida. Yunƙurin samar wa Afirka nata sinkurotoron, wanda aka yi taronsa na farko a Grenoble a 2015, ba zai yi amfani ba sai an riga an samar da ƙwararrun da za su yi aiki da shi.