Zaɓen Matasan 'Yan Wasa A Ƙwallon Ostireliya: Muhawarar Magoya Bayan West Coast Eagles

A ƙasar Ostireliya, ƙungiyar ƙwallo ba ta sayen matashin ɗan wasa da kuɗi kamar yadda aka saba gani a Turai. Kowace shekara a watan Nuwamba ana zama a raba matasan da suka cika shekara 18 tsakanin ƙungiyoyi bi da bi, kuma ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshen teburi ita ce ke fara zaɓa. Wannan tsari, wanda da Turanci ake kira "draft", shi ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce tsakanin magoya baya da zarar an kammala kakar wasa. Muhawarar da ta fi zafi a 'yan shekarun nan ita ce ta ƙungiyar West Coast Eagles a 2023.

Wane irin wasa ne?

Ƙwallon Ostireliya ta sha bamban da ƙwallon ƙafa da kuma zari-ruga. Ana buga ta a fili mai siffar ƙwai, da ƙwallo mai irin wannan siffar, kuma kowane ɓangare yana da 'yan wasa 18 a cikin fili. Ɗan wasa yana iya bugun ƙwallo da ƙafa, ko ya naushe ta zuwa ga abokinsa, amma ba a yarda ya jefa ta ba. Akwai sanduna huɗu a kowane ƙarshen fili. Idan aka buga ƙwallo da ƙafa ta shige tsakanin sandunan tsakiya, an ci maki shida. Idan ta bi ta gefe, maki ɗaya.

Babbar gasar ƙasar ita ce AFL, mai ƙungiyoyi 18, kuma ana gudanar da ita daga Maris zuwa Satumba. Wasan ƙarshe, wanda bisa al'ada ake yi a filin MCG da ke birnin Melbourne, yakan tara 'yan kallo kusan 100,000.

Yadda zaɓen yake gudana

An fara zaɓen matasa a 1986, da nufin hana ƙungiyoyi masu kuɗi kwashe duk gwanaye. Ta ƙarshe a teburi tana samun kujerar zaɓe ta ɗaya, mai bi mata ta biyu, har a iso ga zakara, sannan a sake zagayowa. Akwai kuma iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta iya biyan 'yan wasanta gaba ɗaya, don haka ko attajirar ƙungiya ta fi dogara ne da wannan zaɓe da kuma musaya wajen farfaɗowa.

Kujerar zaɓe kadara ce da ake ciniki da ita. A watan Oktoba ana buɗe kasuwar musaya, inda ƙungiya za ta iya bayar da kujerarta ta karɓi gogaggen ɗan wasa, ko ta bayar da babbar kujera ɗaya ta karɓi ƙanana biyu ko uku. Hukumar gasar ta ba kowace kujera daraja ta maki, kuma ta ɗaya tana da maki 3,000.

Akwai ƙa'idoji biyu da ke karkata layin. Ƙungiya tana da fifiko a kan ɗan tsohon ɗan wasanta, muddin uban ya buga mata wasa 100. Haka kuma ƙungiyoyi huɗu na jihohin New South Wales da Queensland, wato Sydney da GWS da Brisbane da Gold Coast, suna da fifiko a kan yaran da suka reno a makarantun horarwarsu. Idan wata ƙungiya ta kira sunan irin wannan yaro, mai fifikon tana iya karɓe shi ta biya da makin kujerunta.

Halin da West Coast ta shiga

West Coast Eagles tana birnin Perth a yammacin ƙasar, ta shiga gasar a 1987, kuma ta ɗauki kofi sau huɗu: 1992 da 1994 da 2006 da 2018. Bayan kofin ƙarshe, manyan 'yan wasanta suka tsufa, raunuka suka yi yawa, ba a kuma tanadi magadansu ba. A 2022 wasa biyu kawai ta ci. A 2023 ta ci uku ta sha kashi a 20, ciki har da wanda Sydney ta lallasa ta da tazarar maki 171. A ƙarshen kakar, Nic Naitanui da Luke Shuey da Shannon Hurn, waɗanda suka daɗe suna riƙe da ƙungiyar, duk suka yi ritaya.

Kujera ta ɗaya ma sai a makon ƙarshe ta faɗo hannunta. North Melbourne, wadda ke ƙasan teburi, ta doke Gold Coast a wasanta na ƙarshe bayan ta sha kashi sau 20 a jere, sai West Coast ta koma ta ƙarshe. A wannan shekarar akwai yaro ɗaya da kusan kowa ya yarda ya fi tsararrakinsa, wato Harley Reid, ɗan ƙaramin garin Tongala a jihar Victoria.

Ɓangarorin muhawarar

Ɓangare na farko na magoya baya ya ce a sayar da kujerar. Hujjarsu ita ce ƙungiyar tana da giɓi a ko'ina: tana buƙatar 'yan tsakiya masu gudu, da 'yan baya dogaye, da wanda zai gaji Naitanui wajen tsalle ya taɓo ƙwallo idan an tayar da wasa. Ɗan wasa ɗaya cikin 18, in ji su, ba zai toshe waɗannan kafafe ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sun kuma tuna cewa ƙungiyar ta bi wannan hanya a 2022, lokacin da ta bayar da kujera ta biyu ta karɓi guda biyu, ta ɗauki Reuben Ginbey da Elijah Hewett, dukkansu 'yan yammacin Ostireliya.

Babbar fargabarsu ita ce kewar gida. Tsakanin Perth da Melbourne akwai kimanin kilomita 2,700, kuma yaran Victoria da dama sukan nemi komawa gida idan kwantiraginsu ya ƙare. Jason Horne-Francis, wanda North Melbourne ta ɗauka a kujera ta ɗaya a 2021, shekara guda kawai ya yi ya koma jiharsu, ya shiga Port Adelaide. Don haka wasu suka fi son a ɗauki ɗan gida irin su Daniel Curtin, tare da ƙarin kujeru.

Ɓangare na biyu ya ce irin Reid ba a samunsa kowace shekara, kuma ƙungiyar da ta zaɓi ɗan wasa saboda giɓin yau ta bar wanda ya fi shi, takan yi da-na-sani. Su ma suna da misali daga maƙwabciyarsu Fremantle, wadda ta bayar da kujera ta ɗaya ga Hawthorn a 2001. Da ita Hawthorn ta ɗauki Luke Hodge, wanda ya ci kofi huɗu da ƙungiyar, uku daga ciki yana kyaftin.

Labarin Chris Judd kuwa kowane ɓangare ya ja shi zuwa wajensa. West Coast ta ɗauko shi daga Victoria a kujera ta uku a 2001, ya zama gwarzon gasar a 2004, ya jagoranci ƙungiyar zuwa kofin 2006, sannan ya koma gida ya shiga Carlton a ƙarshen 2007. Masu tsoron kewar gida suka ce ga shi nan ya tafi yana kan ganiyarsa. Masu son Reid suka amsa cewa kafin ya tafi ya kawo kofi, kuma a musayarsa aka samo Josh Kennedy, wanda ya zama ɗan wasan da ya fi kowa ci wa ƙungiyar ƙwallo a tarihinta.

Abin da ya biyo baya

Shugabannin West Coast sun ƙi duk tayin da aka yi musu, suka ɗauki Reid a Nuwamban 2023, suka ba shi riga mai lamba 9 da Naitanui ya ajiye. Curtin ya tafi Adelaide a kujera ta takwas. A kakarsa ta farko Reid ya ci ƙwallon da aka zaɓa a matsayin mafi kyau ta shekara, kuma a 2025 ya tsawaita kwantiraginsa duk da zawarcin da ƙungiyoyin Victoria suka yi masa.

Sai dai sakamakon ƙungiyar bai gyaru ba. A 2024 ta ci wasa biyar, ta rabu da kocinta Adam Simpson a tsakiyar kaka. A 2025, ƙarƙashin sabon koci Andrew McQualter, wasa ɗaya tak ta ci cikin 23, ta sake komawa ƙarshen teburi, ta kuma sake samun kujera ta ɗaya, wadda ta ɗauki Willem Duursma da ita. Shi ma ɗan Victoria ne.

Ba a iya yanke hukunci a kan zaɓen matasa cikin shekara ɗaya ko biyu. Hawthorn ta ɗauki Jarryd Roughead da Lance Franklin da Jordan Lewis a zaɓen 2004, amma sai a 2008 suka kai ta ga kofi. Ga ƙungiyoyin da ke ƙasa kamar West Coast, lokaci yana ƙara ƙurewa, domin sabuwar ƙungiyar Tasmania za ta shiga gasar a 2028, kuma an tanadar mata manyan kujeru da dama a zaɓukan da ke gaba.